Zafin Inji Bayan Sauya Injin Mota

Zafin inji bayan sauyi matsala ce da ke bayyana a motar da aka sauke wa tsohon injinta aka ɗora wani, sabo ko na hannu, sai ruwan da ke sanyaya shi ya wuce zafin da aka ƙayyade masa. Allurar ma'auni ta hau ja, wani lokaci ruwan ya tafasa har ya yi ambaliya ta bakin radiyeta. Makanikan Garwa, Marwa da Ngaundere a arewacin Kamaru da na Njamena a Chadi sun saba da ita, domin yawancin injunan da ake ɗorawa a wannan yanki na hannu ne, an kwanto su daga motocin Turai, Japan ko Dubai, sun sauka a tashar jiragen ruwa ta Duwala ko sun shigo ta kasuwannin kayan gyara na Najeriya. Mai mota kan ɗora wa injin da ya saya laifi, alhali sau da yawa laifin yana jikin kayan da ba a taɓa ba lokacin aikin: radiyeta, murfinta, fanka da tiyo. Idan zafi ne ya kashe injin farko, to abin da ya jawo zafin yana nan cikin motar yana jiran na biyu. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri.

Yadda inji ke fitar da zafinsa

Kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin man da inji ke ƙonawa ne kawai ke zama tafiya. Wani kason yana fita ta salansa, sauran kuwa ruwa ne ke kwashe shi. Famfon ruwa, wanda bel ke juyawa, yana tura ruwan ta cikin ramukan da ke kewaye da silinda da kan inji, daga nan ya bi tiyon sama zuwa radiyeta, iska ta sanyaya shi, ya komo ta tiyon ƙasa. Tamostat ce mai tsaron ƙofa: tana rufe hanyar radiyeta har inji ya yi ɗumi, sannan ta buɗe. A yawancin injunan Toyota tana fara buɗewa a wajen digiri 82 na ma'aunin Selsiyas, ta gama a wajen 95. Lafiyayyen inji yana aiki tsakanin digiri 85 zuwa 100 da 'yan kai.

Murfin radiyeta, wanda mutane ke rainawa, yana riƙe matsi na kusan 0.9 zuwa 1.1 a ma'aunin matsi na bar, kuma wannan matsin ne ke hana ruwa tafasa sai ya kai wajen digiri 120. In robarsa ta bushe ko sifirinsa ya saki, ruwan zai tafasa a digiri 100 kamar na tukunya.

Yanayin yankin

Daga Maris zuwa Mayu zafin rana a Garwa, Marwa, Kusiri da Njamena kan haura digiri 40, saboda haka iskar da ake so ta sanyaya radiyeta ita kanta da zafinta take zuwa. Ƙurar hunturu tana toshe tsakanin haƙarƙarin radiyeta, musamman a motar da ke da na'urar sanyaya ɗaki, inda ƙura da ciyawa da ƙwari ke taruwa a ratar da ke tsakaninta da radiyeta, wadda ido ba ya gani sai an kwance. Ga kuma lodi: Hiace da Hilux da ke zirga-zirga tsakanin kasuwanni ba kasafai suke tafiya da nauyin da kamfani ya rubuta musu ba. Hawan dutsen da ke kan babbar hanyar Garwa zuwa Ngaundere shi ne babban alƙalin injin da aka ɗora. Mota na tashi daga kwarin Binuwai, inda tsayin ƙasa bai fi mita 250 ba, ta hau tudun Adamawa mai tsayin sama da mita 1,000, a ƙaramar giya, ba gudu balle iska ta shiga. A can sama ruwan da ba ya cikin matsi yana tafasa tun a wajen digiri 96. Motar da ta yi ta yawo cikin gari lafiya da lalataccen murfi, a nan asirinta ke tonuwa.

Lokacin da zafin ke zuwa

Ƙwararren bakanike ba ya fara ɗaukar sifana sai ya tambayi direba yaushe allurar ke hawa, domin amsar ita ce rabin binciken.

Idan zafi na zuwa a cunkoso ko mota na tsaye, amma ya sauka da zarar an kama hanya, matsalar iska ce. A duba fankar lantarki ko tana tashi, a duba fiyus da rile da na'urar da ke kunna ta. A motocin dizal irin su Land Cruiser da tsofaffin Hilux, fankar bel ce mai kulocin man silikon a tsakiyarta. In man ya tsiyaye, fankar za ta riƙa juyawa a ido amma ba ta jan iskar kirki. Haka ma rumfar roba da ke kewaye da fanka: ana cire ta don inji ya samu hanyar fita, sau da yawa kuma a bar ta a gefen gareji saboda ta tsage ko an ga ba ta da amfani. In babu ita, fanka daga gefe take jawo iska maimakon ta cikin radiyeta.

Idan kuwa a gudu ko a hawa ne zafin ke zuwa, ruwan ne ba ya zagawa yadda ya kamata, ko radiyetar ta yi wa injin ƙanƙanta. Tsohuwar radiyeta na iya cika da tsatsa da dattin injin da ya mutu. Bayan mota ta yi ɗumi an kashe ta, a bi fuskar radiyetar da bayan hannu ko da ma'aunin zafi na nesa: duk inda aka ji sanyi a tsakiyar zafi, bututun wurin ya toshe. Tiyon ƙasa da ya tsufa yakan tsuke idan aka ba da wuta sosai, ya shaƙe famfon. Batun ƙanƙanta kuwa ya fi faruwa idan an sauke injin fetur an ɗora na dizal mai tabo (turbo), ko an sa wanda ya fi na asali girma, aka bar masa radiyetar ƙaramin.

Zafin da ke hawa cikin 'yan mintuna bayan tayar da mota, tiyon sama na ƙuna radiyeta kuma da sanyinta, yana nuna ruwa ba ya wucewa sam. Ko tamostat ta maƙale a rufe, ko iska ta tare hanya, ko an mance da tsumma ko murfin robar da masu sayarwa ke toshe bakin injin da shi don kada ƙasa ta shiga.

Kurakuran ɗorawa

Iskar da ta maƙale a cikin inji na cikin manyan dalilai a kwanakin farko. Injin da aka ɗora a bushe yake, in aka kwarara masa ruwa da sauri aka rufe, iska takan zauna a kan inji ko bayan tamostat. Alamarta ita ce allura mai hawa da sauka ba tsari, da hita mai busa sanyi alhali inji na zafi. Ana fitar da ita ne mota na sanyi: a ɗaga gaban motar kaɗan, a buɗe hita har ƙarshe, a yanke gindin gorar ruwa a kafa bakinta a bakin radiyeta kamar mazurari, a cika, a tayar da inji. Kumfa zai riƙa fitowa jefi-jefi, ana matsa tiyon sama da hannu, har tamostat ta buɗe ruwan ya nutse gaba ɗaya a ƙara wani. Wasu motocin Turai, irin su Peugeot da Renault, suna da ƙananan kusoshi na fitar da iska waɗanda dole a sassauta. Tamostat ɗin Toyota na da ɗan rami mai ƙwayar ƙarfe a gefe. A galibin injuna sama ake fuskantar da shi don iska ta samu mafita.

Wayoyin fanka da aka haɗa a juye kan sa ta tura iska gaba. A tsaye ba a cika lura ba, amma a tafiya iskar fanka da ta hanya sai su yi ta karo. Gwajin ba ya cin ko sisi: a riƙe takarda a gaban radiyeta fanka na aiki, in ta manne daidai ne, in ta tashi an juya waya. Bel ɗin da aka zagaya ba bisa zanensa ba yana iya juya famfon ruwa da baya, sakakken bel kuma yana zamewa.

Akwai kuma zafin ƙarya. Na'urar auna zafi da ta zo jikin sabon injin ba lalle ta dace da agogon motar ba, haka wayar as, wadda ke haɗa inji da jikin mota, in ba a ɗaure ta da kyau ba takan sa allura ta yi ƙarya. Kafin a kashe kuɗi a tabbatar da ma'auni na daban. Motocin da aka ƙera don Amurka daga 1996, da na fetur na Turai daga 2001, suna da mahaɗin OBD, inda ake jona na'urar bincike ta nuna ainihin zafin da kwamfutar mota ke gani, tare da lambobin kuskure irin su P0217 na zafin da ya wuce kima da P0480 na layin fanka. Saitin wuta da ya makara, ko famfon dizal da ba a daidaita ba, su ma suna ƙara zafi, kuma yawanci suna zuwa da rashin ƙarfi.

Cire tamostat

Al'ada ce da ta yaɗu a garejin yankin a cire tamostat a jefar, wai kayan ƙasashen sanyi ce. Wannan gurguwar dabara ce. A injuna da dama tamostat na da faifai na biyu da ke rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke zagawa cikin inji ba tare da ya je radiyeta ba. In aka cire ta, wannan hanya a buɗe za ta zauna, wani kaso na ruwan ya yi ta kewaya da zafinsa. Inda ba haka ba kuma, inji zai daɗe bai yi ɗumi ba, ya sha mai da yawa, ya ci jikinsa da wuri. Gwada ta abu ne mai sauƙi: a rataya ta cikin tukunyar ruwa a kan wuta, a ga ko za ta buɗe kafin ruwan ya tafasa. Injin da ya daɗe a ajiye ya fi dacewa a sa masa sabuwar tamostat da sabon famfon ruwa tun yana ƙasa, lokacin da hannu ke kaiwa ko'ina.

Gasket da kan inji

Sai an kawar da duk waɗannan ake komawa kan injin kansa. In gasket, shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, ya ƙone ko kan inji ya tsage, hayaƙin silinda na kutsawa cikin ruwa. Kumfa zai yi ta fitowa a bakin radiyeta ba yankewa, tiyo ya yi tauri jim kaɗan bayan tayarwa da safe, ruwa ya riƙa raguwa ba a ga yoyo ba, salansa na fitar da farin hayaƙi, wani lokaci baƙin mai ya koma kalar shayi da madara. Akwai shuɗin ruwan gwaji da ake ɗorawa a bakin radiyeta, wanda ke komawa rawaya in hayaƙin fetur ya ratsa shi, ko kore a injin dizal. Kan inji na alminiyam yana lanƙwasa da zafi ɗaya mai tsanani, kuma karkatar da yawancin kamfanoni ke yarda da ita ba ta wuce milimita 0.05 zuwa 0.1 ba. Sa sabon gasket ba tare da an auna an goge kan ba asarar kuɗi ce.

Ruwan da ake zubawa

Ruwan rijiya da na burtsatse suna ɗauke da ma'adanai da ke daskarewa a bututun radiyeta, ga tsatsa da zallan ruwa ke haifarwa. Ruwan sanyaya inji na kanti, wanda ake haɗawa rabi da rabi da tataccen ruwa, yana hana tsatsa kuma yana ƙara wa ma'aunin tafasa kamar digiri 7. Sinadarin da ke cikinsa guba ne mai zaƙi, don haka ba a barinsa a buɗe inda yara ko awaki za su kai baki. Ba a buɗe murfin radiyeta inji na zafi, ba a kuma kwara wa inji mai zafi ruwan sanyi, domin yana iya tsaga kan injin.

In mai sayar da inji ya ba da wa'adin mayarwa, gwajin kumfa da na matsin silinda a ranar ɗorawa ake yinsu, sannan a gwada motar da lodi a hanya mai hawa kafin wa'adin ya cika.