Bukatun soja wajen ƙera bindigogin gaba

Bindigar sojan ƙasa ta fi daɗewa a rataye a kafaɗa fiye da yadda ake harba ta, shi ya sa nauyi ne abu na farko da masu ƙera ta ke fama da shi. Duk wani ƙari da aka yi mata, sojan da ke ɗauke da rigar sulke da ruwa da rediyo da batura ne zai ji shi a jikinsa.

Bindigar XM7 ta kamfanin SIG Sauer, wadda rundunar sojan Amurka ta zaɓa a 2022, ta nuna wannan matsala a fili. Harsashinta mai faɗin milimita 6.8 an yi shi ne don ya huda sulken zamani daga nesa, abin da harsashin milimita 5.56 na bindigar M4, wadda sojojin Amurka suka saba riƙewa, ke gazawa a kai. Sai dai XM7 ta kai kilo 3.8 tun kafin a ɗaura mata na'urar rage ƙara, alhali M4 ba ta wuce kilo 3 ba. Gidan harsashinta 20 yake ci maimakon 30, don haka sojan da ya saba fita da harsasai 210 yanzu 140 zai ɗauka. Wannan ragi ba ƙarami ba ne ga wanda musayar wuta ta yi wa tsawo.

Tsawon bindiga ma abin dubawa ne, musamman ga mai fita daga motar sulke ko mai kutsawa ɗaki. Wasu ƙasashe sun mayar da gidan harsashi bayan kunama don bindigar ta gajarce ba tare da an rage bututunta ba, kamar Steyr AUG ta Ostiriya da FAMAS ta Faransa. Amma SA80 ta Birtaniya, mai irin wannan tsari, ta dama take watso kwanson harsashi kusa da fuska, ba ta harbuwa daga kafaɗar hagu, sai dai bahago ya koyi harbi da dama. A 2016 Faransa ta zaɓi bindigar HK416 don maye gurbin FAMAS, ta koma tsarin da aka saba.

Abin da soja ba ya yafewa shi ne bindiga ta cije masa. A yaƙin Biyetnam bindigar M16 ta farko ta sojojin Amurka ta riƙa cijewa saboda an canja albarushin harsashinta, kuma an raba ta ba tare da isassun kayan wankewa ba. Sojoji sun rasa rayukansu kafin a gyara. Farin jinin AK-47 kuwa ya samo asali ne daga jurewa ƙura da laka, da sauƙin kwancewa da haɗawa.

Sababbin madubin saiti irin su XM157 suna auna nisa su nuna inda za a ɗora saiti. Suna bukatar batir, kuma dole bindigar ta saitu ko da batirin ya mutu.