Waiwaye: Daga En'e Zuwa Ƙananan Hukumomi 20 a Jihar Bauchi

Kafin 1976, En'e (hukumar gargajiya da ke ƙarƙashin sarki) ce gwamnatin da talakan Bauchi, Katagum, Misau ko Gombe ya sani. Tana da baitulmalinta, tana karɓar haraji da jangali ta hannun hakimai da dagatai, da su take biyan ma'aikata da gyara kasuwa. Tun ƙarshen shekarun 1960 aka fara rage mata ƙarfi, aka karɓe 'yan doka da gidan yari da kotunan alƙalai.

Gyaran 1976 ya zo a shekarar da aka kafa Jihar Bauchi. Aka yi wa ƙasa tsari ɗaya, ƙananan hukumomi 301, kowace da jama'a tsakanin 150,000 da 800,000, aka mayar da sarakuna masu ba da shawara. Bauchi ta fara da 16. Daga nan aka yi ta yanka. Da aka fitar da Gombe ranar 1 ga Oktoba, 1996, ita ta tashi da 11, Bauchi ta tsaya a kan 20.

Yankan ya kusantar da hukuma, wannan gaskiya ne. Mutumin Bogoro ya daina zuwa Tafawa Ɓalewa neman takardar shaidar asali. Amma kowace sabuwar hukuma sai ta sami sakatariya, ciyaman, kansiloli, ma'aji da shugabannin sassa, alhali kasuwa da tashar da za su ciyar da ita sun tsaya a uwar hukumar. Haraji da jangali kuwa an soke su, sai jiran kason Abuja.

A nan gizo ke saƙar. Sashe na 162 na tsarin mulkin 1999 ya bi da kason ta asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi. Tun daga can ake cire albashin malaman firamare, fansho da kason masarautu, sannan "ayyukan haɗin gwiwa" da majalisar hukumar ba ta tattauna ba. Abin da ya saura da ƙyar yake wuce albashi, kwalbati da famfon burtsatse su jira. Ga kantomomin riƙo: wanda gwamna ya naɗa ba ya iya ɗaga murya a taron rabon kuɗi.

Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta ce a tura kuɗin kai tsaye, kuma ga zaɓaɓɓu kaɗai. Sai dai hukumar zaɓen jiha ce har yanzu ke shirya zaɓen ciyamomi, manyan ma'aikatan sakatariya kuma, har da ma'aji, hukumar jiha ce ke ɗaukarsu tana yi musu canjin wurin aiki.