Abin da Dokar Jamus Ta Ce Kan Binciken Tarihin Aikin Sojan Kakanni

A gidaje da yawa na Jamusawa, da na waɗanda suka haɗa zuri'a da su a wasu ƙasashe, akwai labarin da ake gadonsa game da kakan da ya halarci Yaƙin Duniya na Biyu. Sau da yawa labarin kusan iri ɗaya ne: direba ne kawai, ko mai dafa wa sojoji abinci, ko ma'aikacin jinya wanda bai taɓa harba bindiga ba. Wanda ya ba da labarin ya riga mu gidan gaskiya, waɗanda suka ji daga bakinsa kuwa kowa da yadda ya riƙe. Tambayar da jikoki kan yi ita ce ko doka ta ba su damar duba takardun gwamnati domin su tantance gaskiya. Amsar ita ce ta ba su, kuma a yau damar ta fi faɗi fiye da yadda mutane da dama suke zato.

Dokar da ke tafiyar da wannan al'amari ita ce Dokar Ma'ajiyar Tarihi ta Tarayya, wadda Jamusawa ke kira Bundesarchivgesetz. An fara kafa ta a 1988, sannan aka sake mata fasali a watan Maris na 2017. Dalilin da ya sa ita ce ke aiki a kan takardun sojoji yana da nasa tarihin. A ƙarshen watan Agustan 1939, ana gab da fara yaƙi, rundunar sojan Jamus ta buɗe wani ofishi da ake taƙaita sunansa da WASt, domin tattara bayanan waɗanda aka kashe, da waɗanda suka ji rauni, da fursunonin yaƙi, kamar yadda Yarjejeniyar Geneva ta 1929 ta wajabta wa ƙasashen da ke yaƙi. Ofishin ya ci gaba da aiki a Berlin shekaru da dama bayan yaƙi da sunan Deutsche Dienststelle, yana sanar da iyalai makomar 'yan uwansu, yana kuma ba tsofaffin sojoji shaidar da suke buƙata don neman fansho. Daga ranar 1 ga Janairun 2019 aka mayar da shi ƙarƙashin Ma'ajiyar Tarihi ta Tarayya, wato Bundesarchiv, tare da babban kundinsa mai ɗauke da katunan mutane sama da miliyan 18. Tun daga ranar, takardun suka zama kayan tarihi na tarayya a idon doka.

Sashe na 10 na dokar shi ne tushe: kowane mutum yana da 'yancin amfani da kayan ma'ajiyar idan ya gabatar da buƙata. Dokar ba ta ce sai Bajamushe ba, ba ta kuma ce sai mazaunin Jamus ba. Abin da ke taƙaita wannan 'yanci shi ne wa'adin kariya da sashe na 11 ya gindaya. Takardun gwamnati gaba ɗaya ana rufe su na shekara 30 daga lokacin da aka rubuta su, wanda kuwa ya daɗe da wucewa ga duk abin da ya shafi yaƙin da ya ƙare a 1945. Takardun da suka shafi wani mutum na musamman su ne ke da nasu lissafi daban: ba a buɗe su sai shekara 10 bayan rasuwarsa. Idan ba a san shekarar rasuwar ba, ko kuma gano ta zai yi matuƙar wahala, sai a lissafa shekara 100 daga haihuwarsa. Idan ita ma haihuwar ba a sani ba, sai a ɗauki shekara 60 daga lokacin da aka samar da takardar. Kafin gyaran 2017 ana jiran shekara 30 ne bayan rasuwa, ko 110 bayan haihuwa, saboda haka gyaran ya buɗe takardun ɗimbin mutane a lokaci guda.

Misali zai fi fito da lissafin. Sojan da aka haifa a 1920 ya rasu a 1995, a tsohuwar doka takardunsa ba za su buɗu ba sai 2025, amma sabuwar doka ta ɗauke su a matsayin buɗaɗɗu tun ranar da ta fara aiki. Wanda aka haifa a 1926 ya yi tsawon rai har 2019 kuwa, nasa suna rufe ga jama'a har 2029. Da yake mafi ƙanƙantar waɗanda aka tura fagen daga a watannin ƙarshe na yaƙin samari ne 'yan shekara 16 da 17, nan da ɗan lokaci kaɗan wa'adin zai ƙare a kan kusan kowa.

Ko da wa'adin bai cika ba, dangi na kusa suna da wata ƙofa. Sashe na 14 ya ba mutum 'yancin sanin abin da aka ajiye a kansa, kuma bayan rasuwarsa wannan 'yanci yana komawa ga danginsa idan sun nuna dalili karɓaɓɓe, matuƙar mamacin bai bar wasiyyar da ta hana ba. Sai dai dangi a wannan doka ba su ne dangi a fahimtarmu ba. Dokar ta lissafa su ɗaya bayan ɗaya: miji ko mata, 'ya'ya, jikoki, iyaye, kakanni, da 'yan uwan da aka haifa tare. Ɗan wa ko ɗan ƙane ba ya cikin jerin, tattaɓa-kunne ma haka, duk kusancin da ke tsakani. Irin waɗannan sai dai su jira wa'adi ya cika, ko su nemi a rage shi a ƙarƙashin sashe na 12, wanda ya yarda da ragi idan an sami amincewar wanda abin ya shafa, ko idan bincike na ilimi ko wata buƙata mai ƙarfi ta wajabta, bisa sharaɗin ba za a cutar da mutuncin wani ba. Akwai kuma wata togaciya mai muhimmanci: wa'adin kariya ba ya rufe abin da mai riƙe da muƙamin gwamnati ya aikata a bakin aikinsa, sai abin da ya shafi rayuwarsa ta cikin gida. A ganina wannan togaciya ita ce ta hana dokar zama mafaka ga waɗanda suka ba da umarnin ta'asa.

Mai bincike ba zai kai ko'ina ba sai da cikakken suna, da ranar haihuwa, da garin haihuwa, domin sunaye irin su Müller da Schmidt sun cika katunan nan maƙil. A nan wata doka ta biyu take shigowa, wato dokar rajistar haihuwa da aure da mutuwa da ta fara aiki a 2009. Ofishin rajista na gari yana riƙe kundin haihuwa shekara 110, na aure shekara 80, na mutuwa shekara 30, daga nan sai a miƙa su ga ma'ajiyar tarihi ta gari ko ta jiha. Kafin cikar waɗannan shekaru, miji ko mata da iyaye da zuri'ar mutum kai tsaye su ne ke da 'yancin karɓar kwafi ba tare da dogon bayani ba. Ita Bundesarchiv tana karɓar kuɗin aiki gwargwadon lokacin da binciken ya ci, kuma amsa kan ɗauki watanni.

Abin da amsar ke ƙunsa shi ne inda mutane suka fi yin kuskuren fahimta. Kowane sojan Jamus yana rataye da wani ɗan faranti na ƙarfe a wuya, mai siffar ƙwai, da aka tsaga tsakiyarsa yadda za a iya karya shi biyu idan ya mutu, a bar rabi a jikin gawa, a kai rabi ofis. Ba a rubuta sunansa a kai, sai lamba da sunan rundunar da ta ba shi. Rundunoni kan aika jerin waɗannan lambobi da sunayen masu su zuwa Berlin, tare da rahoton wanda aka sauya wa wuri, da wanda ya kwanta asibiti, da wanda aka kama ko ya ɓace. Daga waɗannan jerin ne ake haɗa amsar da jika zai samu: a wata kaza yana bataliya kaza, an ji masa rauni a wuri kaza, an kama shi ranar kaza. Takardar ba ta faɗin abin da hannunsa ya aikata. Za ta iya rushe labarin cewa kaka ya ƙare yaƙinsa a Faransa, idan ta nuna rundunarsa tana yankin Tarayyar Sobiyet a 1942, amma ba za ta tabbatar da laifi ko ta wanke shi ba. Wanda ke son sanin abin da rundunar ta yi a wannan wuri sai ya nufi sashen soja na ma'ajiyar da ke Freiburg, inda aka adana littattafan da rundunoni ke rubuta al'amuran kullum, da fayilolin hafsoshi, da na kotunan soja. Wasiƙun da ke cikin akwatin gida ma suna taimakawa, domin lambar gidan wayar soja mai alƙaluma biyar da ke kan ambulan tana nuna rundunar da mutum yake lokacin da ya rubuta.

Batun zama ɗan jam'iyyar Nazi daban ne da aikin soja, kuma takardunsa suna reshen ma'ajiyar da ke Berlin-Lichterfelde. Katunan mambobin jam'iyyar sun tsira ne saboda an kai su wata masana'antar takarda kusa da Munich a 1945 domin a niƙe su, ba a kuwa niƙe ba. Amurka ta riƙe su a cibiyar adana takardu ta Berlin Document Center har 1994, sannan ta miƙa wa Jamus. Kundin bai cika ba, don haka rashin ganin sunan mutum ba hujja ba ce ta cewa bai shiga jam'iyyar ba. Fayilolin kwamitocin da suka tantance 'yan Nazi bayan yaƙi kuwa suna ma'ajiyoyin jihohi, kuma kowace jiha da tata dokar. Ya kamata a karanta su da taka-tsantsan, domin cike suke da takardun shaidar kirki da maƙwabta da abokai suka rubuta wa juna. Binciken masu gabatar da ƙara kan laifukan yaƙi yana Ludwigsburg, inda aka kafa ofishin musamman a 1958. Neman kabari aikin ƙungiyar Volksbund ne da ke yankin Kassel, neman wanda ya ɓace kuma na sashen bincike na Red Cross ta Jamus.

Ga wanda kakansa ya yi Yaƙin Duniya na Ɗaya, matsalar ba ta doka ba ce, ta gobara ce. Ranar 14 ga Afrilun 1945 jiragen Birtaniya suka yi wa Potsdam ruwan bama-bamai, ma'ajiyar sojan ƙasa ta ƙone, kuma mafi yawan takardun sojan Prussia, yanki mafi girma a Jamus ta wancan lokaci, suka tafi da ita. Na Bavaria sun tsira a Munich, na Württemberg a Stuttgart, na Baden a Karlsruhe, na Saxony a Dresden, saboda haka tambaya ta farko ita ce daga wane yanki aka ɗauki mutumin. Wannan asara ta shafi masu neman labarin sojojin mulkin mallakar Jamus a Kamaru, waɗanda suka yi yaƙi a Garwa da Mora har zuwa farkon 1916, har da 'yan Afirka da suka yi aiki a cikinsu. Abin da ya rage musu mafi yawa shi ne fayilolin ma'aikatar mulkin mallaka da ke Berlin-Lichterfelde.

Samun takarda yana zuwa da nauyi. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai ba ta shafi matattu ba, amma fayil ɗin soja ko na kotu yakan ƙunshi sunayen wasu mutane, shaidu da waɗanda aka zalunta da abokan aiki, kuma mai bincike yana sa hannu kan cewa zai kiyaye haƙƙinsu idan zai wallafa wani abu. Sashe na 189 na dokar laifuka ta Jamus ya tanadi tara ko ɗaurin da ya kai shekara biyu ga wanda ya ci mutuncin mamaci. Idan kuma iyali suka ga abin da ke cikin fayil bai yi daidai da abin da suka sani ba, ma'ajiyar ba za ta goge ko ta gyara tsohuwar takarda ba. Abin da sashe na 14 ya ba su shi ne damar rubuta nasu bayanin, idan sun nuna dalili karɓaɓɓe, kuma wajibi ne ma'ajiyar ta haɗa shi da fayil ɗin domin duk wanda ya buɗe daga baya ya karanta ɓangarorin biyu.