Ma'anar kalma: Ciwon Perthes

Perthes suna ne da likitan ƙashi kan rubuta a katin yaron da ya daɗe yana ɗingishi ba tare da ya faɗi ko ya karye ba. An samo sunan daga wani likitan Jamus, ɗaya daga cikin likitoci uku da suka bayyana ciwon a 1910.

Kan ƙashin cinya dunƙule yake kamar ƙwallo, yana zaune cikin gurbinsa a kwatangwalo. A wannan ciwo jinin da ke ciyar da ƙwallon ne yake yankewa, sai ƙashin ya mutu, ya yi laushi, ya farfashe. Daga baya jini ya dawo, sabon ƙashi ya tsiro, abin da kan ci shekara 2 zuwa 4. Haɗarin yana tsakiyar nan: in yaro ya ci gaba da tsalle a kan ƙashi mai laushi, ƙwallon zai baje kamar curin fura da aka danna, ya daskare a haka, gaɓar ta fara cinyewa tun yana matashi.

Ya fi kama yara 'yan shekara 4 zuwa 10, maza sun fi yawa nesa ba kusa ba, kuma galibi ƙafa ɗaya ce. Abin da ke ruɗa iyaye shi ne yaron gwiwa yake nunawa, sai a yi ta kai shi wurin maɗori ana jan targaɗen da babu shi. A kwantar da shi rigingine a buɗa cinyoyinsa: mai ciwon ba ta buɗewa sosai, ba ta juyawa ciki, wani lokaci har ta fi ɗayar sirancewa.

A nan Zamfara ba a saurin yanke cewa Perthes ne, don sikila tana kashe kan ƙashin cinya ta irin wannan hanya, kuma ta fi shi yawa a cikinmu. Don haka gwajin jini na tafiya tare da hoton kwatangwalo kashi biyu, na gaba da na zaman kwaɗo. In akwai zazzaɓi mai zafi kuma yaro ya kasa taka ƙafar, wannan ba ciwon jira ba ne, a kai shi asibiti a ranar.

Yaron da bai kai shekara 6 ba yakan warke da gashin ƙashi, sandar dogarawa da barin buga ƙwallo. Wanda ya haura 8 shi ake yawan yi wa tiyata don a tsare ƙwallon cikin gurbinsa, ko a Asibitin Tarayya na Gusau a ba shi takardar zuwa Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.