Tsohuwar libarbar da aka taɓa: yaya ake gane ta gaske, yaya ake yi mata kuɗi?

A Amurka akwai masu tara tsofaffin bindigogi, kuma sarauniyar kasuwarsu ita ce libarbar Colt Single Action Army, wadda kamfanin Colt ya fara ƙerawa a garin Hartford a 1873. Ita ce wadda ake gani rataye a ƙugun kaboyi a finafinai. Da yawa daga cikin waɗanda suka kawo yau hannu ya bi ta kansu: an yanke bututu, an sake launi, an sauya ƙota.

Da zarar an canza mata wani abu, darajarta ta zube ke nan?

Ba kullum ba. Masu kasuwar tambaya biyu suke yi: wa ya taɓa ta, kuma yaushe? Tsakanin 1873 da 1891 rundunar sojan Amurka ta sayi kimanin 37,000, kowacce da bututu mai inci bakwai da rabi, don sojan doki. A 1892 aka koma wata sabuwar libarba mai ƙaramin harsashi. Daga 1895 zuwa 1903 sai aka riƙa kwaso tsofaffin ana kai su masana'antar makaman gwamnati ta Springfield da kuma kamfanin Colt, ana gyara su, ana rage bututun zuwa inci biyar da rabi. Da irinsu aka je yaƙin Sifaniya na 1898 da na Filifin. Masu tarawa suna ce musu Artillery, kuma suna sayensu da mutunci, don yankan nan aikin gwamnati ne, yana cikin tarihin bindigar. Amma in wani maƙeri ne ya sa zarto ya yanke ta shekaru hamsin baya don ta shiga kube, wannan ɓarna ce, kuma farashin zai nuna.

An ce lambobin jikinta dole su zo ɗaya. Haka ne?

A bindigar farar hula, haka ne. Colt na buga lamba a uwar jikin, da zoben da ke kare kunama, da ƙarfen bayan ƙota. A na farko-farko har bututu da gangar harsashi, wato abin nan mai juyawa da ake zuba harsasai a ciki, suna ɗauke da ƙarshen lambar. In ɗaya ta saɓa, an yi haɗe-haɗe.

A Artillery kuwa abin juyewa yake yi. Lokacin gyaran, musamman a Springfield, an wargaza bindigogi da yawa tare, aka mayar ba tare da damuwa da wane yanki ne na wace ba. Don haka lambobi uku ko huɗu daban-daban a jiki ɗaya ba aibu ba ne. Hasali ma, in aka kawo wadda komai nata ya zo ɗaya tsaf, gwani yakan ƙara gyara tabarau. Akwai na gaske masu lamba ɗaya, amma akwai waɗanda aka goge aka sake buga musu.

To ta ina jabu ke shigowa?

Ta inda ribar take. Wadda ta tsira da dogon bututunta na asali ta fi wadda aka rage tsada sosai, don haka wasu sukan ɗauki Artillery su ɗaura mata dogon bututu, su gyara lambobi, su ce ta sojan doki ce da ba a taɓa ba. Wasu kuma bindigar farar hula suke bugawa haruffan U.S., tambarin kayan gwamnatin Amurka, a gefe, ta wayi gari soja.

Abin da ke tona su shi ne ƙananan tambura. Kowace bindigar soja sai da sufeto ya duba ta ya sa alamarsa: Orville Ainsworth da harafin A a na farko, sai irin su Henry Nettleton, David Clark da Rinaldo Carr daga baya. Kowannensu da shekarun da ya yi aiki, kowace shekara da jerin lambobinta. Tambarin Ainsworth a uwar jikin da lambarta ta nuna shekarun 1880 ƙarya ce ƙiri-ƙiri. Mai bugun jabu yakan iya kwaikwayon harafi, amma sau da yawa lissafin kwanan wata ke kayar da shi.

Ga wata alama mai sauƙi da nake sha'awa. Sunan kamfani da adireshinsa suna saman bututu. A bututun inci huɗu da kwata uku layi biyu ake rubuta su, don wurin bai isa ba. A dogayen kuwa layi ɗaya ne. In ka ga gajeren bututu irin wancan da rubutu layi ɗaya, dogo ne aka datse.

Idan an sake mata launi ta yi kyau fa?

A nan ne sabon shiga ke faɗawa rami. Ido yana son ƙyalli, kasuwa kuwa launin asali take biya, ko da kaɗan ya rage. Kafin a sake launi sai an goge ƙarfen, gogewar kuma tana cin kaifin gefuna, ta dusashe rubutu, ta bar ramin sukuru da ɗan kwarmi. Wani lokaci ma za ka ga ramukan tsohuwar tsatsa a ƙarƙashin sabon launin. Bindigar da ta koma ruwan toka don tsufa, amma rubutunta na nan raɗau, ta fi wadda ke walƙiya kamar jiya aka ƙera.

Takardar kamfani ba ta kashe gardama ba?

Colt na da tsofaffin littattafan fitar da kaya, kuma in an biya kuɗi suna ba da takarda mai faɗin ranar da bindiga mai lamba kaza ta fita, wa aka aika wa, girman harsashi, launi, wani lokaci da tsawon bututu da irin ƙota. Tana da amfani ƙwarai. Sai dai takardar tana ba da labarin lamba ne, wanda ya rubuta ta bai riƙe bindigar da ke gabanka ba. In an sauya lambar, takarda ta gaskiya sai ta zama rigar ƙarya. Shi ya sa manyan masu saye ke kai bindigar kanta wurin gwanin da zai kwance ta ya duba.

Labarin wanda ya taɓa riƙe ta yana ƙara kuɗi?

In yana da hujja, yana ninka shi ba adadi. A Agustan 2021 gidan gwanjon Bonhams ya sayar da Colt ɗin da jami'in doka Pat Garrett ya harbe shahararren ɗan ta'ifen nan Billy the Kid da ita a 1881 a kan dala miliyan shida da ɗoriya. Ƙarfen bai bambanta da na dubban 'yan uwanta ba, takardun da suka bi sawunta hannu zuwa hannu aka saya. Amma "kakana ya ce an yi yaƙin Little Bighorn da ita" ba ya ƙara ko sisi. Kusancin lambarta da na bindigogin dakarun Custer, kwamandan sojan dokin da ya yi wannan yaƙin da 'yan asalin Amurka a 1876, ma alama ce kawai, ba shaida ba.

Ana iya harba ta a gwada?

Gara a bari. Waɗannan tsofaffin don baƙin albarushi aka yi su, sai wajen 1900 Colt ya amince a sa wa bindigoginsa albarushin zamani mai ƙarfi. Harsashin yau zai iya fasa gangar, ya tafi da kuɗin da yatsun baki ɗaya. A Najeriya kuwa dokar makamai ta sa libarba cikin waɗanda aka haramta riƙewa sai da lasisi na musamman, kuma tsufanta ba ya fitar da ita daga jerin.