Cecilia Muñoz

Cecilia Muñoz 'yar gwagwarmayar kare haƙƙin baƙi ce a Amurka, kuma tsohuwar babbar mai ba Shugaba Barack Obama shawara. An haife ta ranar 27 ga Yuli, 1962 a birnin Detroit na jihar Michigan. Ta fara ne da taimaka wa baƙin haure cike takardu a majami'un Chicago, ta yi shekara ashirin tana kamun ƙafa a majalisar dokokin ƙasar, daga bisani ta shugabanci Majalisar Tsara Manufofin Cikin Gida ta fadar White House daga 2012 zuwa 2017. Ita ce ta farko da ta riƙe wannan kujera cikin Amurkawa masu tsatson Latin Amurka.

Tasowa da karatu

Iyayenta 'yan Bolibiya ne. Mahaifinta injiniya ne a masana'antar ƙera motoci, ita kuma ce auta cikin 'ya'ya huɗu. Ta girma a Livonia da ke gefen Detroit, garin da kusan duk mazaunansa fararen fata ne a wancan zamani. Ta karanta Turanci da nazarin Latin Amurka a Jami'ar Michigan, ta gama a 1984. Tun tana ɗaliba takan je gidan yarin jihar da ke Jackson ta koyar da fursunoni masu jin Sifaniyanci. Digirinta na biyu a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ta yi shi.

Chicago da dokar 1986

A watan Nuwamban 1986 Shugaba Ronald Reagan ya sa hannu kan wata doka mai fuska biyu. Ta buɗe ƙofar samun takardar zama ga baƙin da suka shiga ƙasar kafin 1 ga Janairu, 1982, sannan a karon farko ta ɗora tara kan duk mai ba da aikin da ya ɗauki wanda ba shi da izini alhali ya sani. Kimanin mutum miliyan 2.7 ne suka samu takarda a ƙarƙashinta.

Aikin ba na zaman ofis ba ne. Mutumin da ya shafe shekaru yana ɓoye sawunsa, yau an ce ya kawo shaidar cewa yana nan tun kafin 1982: rasiɗin haya, takardar albashi, wasiƙar limamin coci, duk abin da ya samu. Da yawa suna ganin tarko ne aka ɗana musu don su miƙa kansu ga jami'an shige da fice. Shi ya sa cocin Katolika ya zama mashiga, domin nan ne mutanen suka yarda su buɗe baki. Muñoz, wadda ba ta kai shekara 25 ba lokacin da dokar ta fara aiki, ita aka ba jagorancin shirin a ƙungiyar agaji ta cocin a Chicago. Ta kula da ofisoshi 12, kuma sama da mutum 5,000 suka bi ta hannunsu.

Shekara ashirin a Washington

A 1988 ta koma babbar ƙungiyar kare haƙƙin 'yan asalin Latin Amurka, wato National Council of La Raza, wadda Raul Yzaguirre ke shugabanta a lokacin. A 2017 ƙungiyar ta sauya suna zuwa UnidosUS. A nan ta tashi har ta zama babbar mataimakiyar shugaba mai kula da bincike da harkokin majalisa.

Faɗanta na farko a kan ɗaya fuskar dokar 1986 ne. Masu kamfanoni da ke tsoron tara sun shiga ƙin ɗaukar duk wanda kamanninsa ko harshensa ya yi kama da na baƙo, ko da kuwa haifaffen ƙasar ne. Ofishin binciken majalisa ya tabbatar da wannan wariya a rahotonsa na 1990, amma ba a soke tarar ba.

Wanda ya fi zafi shi ne na 1996. A shekarar Shugaba Bill Clinton ya sa hannu kan dokar sauya tsarin tallafin gwamnati, wadda ta yanke tallafin abinci da kuɗin tsofaffi da naƙasassu ga baƙi masu takardar zama ta halak, mutanen da da yawansu sun yi shekaru suna biyan haraji. Muñoz na cikin waɗanda suka yi ta zarya a majalisa har aka maido da kuɗin tsofaffi da naƙasassu ga mafi yawansu a 1997, aka kuma maido da wani ɓangare na tallafin abinci a 1998. Gidauniyar MacArthur ta ba ta lambar yabonta a 2000 saboda ayyukanta kan shige da fice da haƙƙin ɗan ƙasa.

A fadar White House

Obama ya shiga ofis a 2009 da ƙa'idar hana masu kamun ƙafa riƙe muƙami a fannin da suka yi aiki a kai. Sai da aka yi mata togaciya ta musamman kafin ta zama daraktar hulɗa da gwamnoni, magadan gari da shugabannin ƙabilun asali na ƙasar. A Janairun 2012 aka ɗaga ta zuwa Majalisar Tsara Manufofin Cikin Gida, inda ilimi, lafiya da shige da fice duk suka biyo ta teburinta.

A zamaninta ne aka sanar da shirin DACA ranar 15 ga Yuni, 2012. Shirin ya dakatar da korar matasan da aka shigo da su ƙasar kafin su kai shekara 16, ya ba su izinin aiki na shekara biyu da ake sabuntawa. Kusan mutum 800,000 suka ci gajiyarsa a shekarunsa na farko, sai dai umarnin gwamnati ne kawai, bai ba kowa hanyar zama ɗan ƙasa ba. Babbar dokar gyara tsarin shige da fice da ake fata ta wuce Majalisar Dattawa a Yunin 2013 da ƙuri'a 68 da 32, Majalisar Wakilai kuwa ko ƙuri'a ba ta kaɗa a kanta ba. Shirin da Obama ya sanar a Nuwamban 2014 don kare iyayen 'yan ƙasa marasa takardar zama daga kora shi ma kotu ta tare shi, alƙalan Kotun Ƙoli suka rabu huɗu da huɗu a 2016, ya mutu bai fara aiki ba.

Rigimar tasa ƙeya

Babin da aka fi jayayya a kai a tarihinta shi ne wannan. Gwamnatin Obama ta tasa ƙeyar kusan mutum 400,000 a kowace shekara a wa'adinta na farko, kuma sau da yawa Muñoz ake turawa ta kare matakin a gaban 'yan jarida, musamman kafofin Sifaniyanci. A wani shirin bincike na gidan talabijin na PBS a 2011 ta ce ko doka gurguwa ce dole a aiwatar da ita, kuma matuƙar majalisa ba ta gyara ba za a ci gaba da raba iyaye da 'ya'yansu. Maganar ta yi wa tsofaffin abokan tafiyarta ciwo ƙwarai. Wasu suka kira ta maci amana, wasu suka nemi ta ajiye aiki.

Hujjarta ita ce gwamnati ba ta da ikon ƙin bin dokar da majalisa ta yi ta kuma ware wa kuɗi, abin da za ta iya shi ne ta karkata ƙarfinta kan masu manyan laifuka da sababbin masu tsallako iyaka. Masu sukarta suka ce shirin da ke miƙa zanen yatsun duk wanda 'yan sanda suka kama ga hukumar shige da fice ya kwashi mutane birjik da laifinsu bai wuce na tuƙi ba. Hujjar masu sukar ta yi nauyin da gwamnatin da kanta ta dakatar da shirin a Nuwamban 2014. Kafin nan, a watan Maris na shekarar, shugabar tsohuwar ƙungiyarta, Janet Murguía, ta fito fili ta laƙaba wa Obama sunan sarkin masu tasa ƙeya.

Bayan gwamnati

A 2017 ta shiga cibiyar nazari ta New America a matsayin mataimakiyar shugaba, tana aiki kan yadda za a yi amfani da fasahar zamani wajen isar da hidimomin gwamnati ga talaka. A 2020 ta fitar da littafinta More Than Ready, na shawarwari ga mata 'yan tsiraru da ke shiga manyan muƙamai. A wannan shekarar aka sa ta cikin manyan jami'an kwamitin karɓar mulki na Joe Biden, kuma nan take wasu ƙungiyoyin baƙi suka sake tayar da tsohuwar rigimar. Ba ta karɓi muƙami a gwamnatin ba. Mijinta, Amit Pandya, lauyan kare haƙƙin ɗan'adam ne, suna da 'ya'ya mata biyu.