Tsarin Albashi da Alawus a Ƙungiyoyin Sa-kai

Tsarin albashi a ƙungiyar sa-kai, wato ƙungiyar agaji da ba ta gwamnati ba, shi ne rubutacciyar ƙa'idar da ke fayyace abin da za a biya kowane ma'aikaci gwargwadon nauyin aikinsa, da yadda albashin zai riƙa ƙaruwa. Alawus ɗin ɗawainiya kuwa kuɗi ne da ake mayar wa mutum saboda abin da ya kashe a kan aikin ƙungiya, kamar kuɗin mota, masauki da abinci a lokacin tafiya. Akan haɗa su a kundi ɗaya, amma ba abu ɗaya ba ne. Albashi ladan aiki ne, alawus kuwa biyan bashi ne, kuma da yawa daga cikin rigingimun kuɗi da ke tasowa a irin waɗannan ƙungiyoyi daga cakuɗa su biyun suke samo asali.

Da yawa na ɗauka cewa duk mai aiki a ƙungiyar agaji kyauta yake yi. Ba haka ba ne. Akwai ma'aikata masu kwantiragi da albashi, akwai masu aikin sa-kai da ba a biyan su, sannan akwai kwamitin amintattu da ke sa ido a kan dukiyar ƙungiya. A Ingila da Wales, alal misali, asalin ƙa'ida ita ce amintattu ba sa karɓar lada a kan wannan muƙami, sai dai a mayar musu da abin da suka kashe.

Yadda ake gina matakan albashi

Ana farawa ne da auna aikin, ba mutumin da ke riƙe da shi ba: ilimin da yake buƙata, mutum nawa ke ƙarƙashinsa, kuɗi nawa ke bi ta hannunsa, da irin hukuncin da yake yankewa. Ayyukan da nauyinsu ya zo ɗaya sai a sa su a aji ɗaya, kowane aji kuma yana da matakai da ma'aikaci ke hawa, galibi ɗaya a shekara, har ya kai ƙarshen ajin. Hawa mataki daban yake da ƙarin da ake yi wa kowa saboda tsadar rayuwa. Ƙungiyar da ta ba da na farko ta manta da na biyu, ma'aikatanta suna ganin lamba na ƙaruwa a takarda, amma abin da kuɗin ke saya raguwa yake yi.

Ƙananan ƙungiyoyi ba su cika ƙirƙiro nasu tsarin ba, aro suke yi. A Birtaniya da yawa sun daɗe suna bin ma'aunin NJC, wato tsarin albashin ma'aikatan ƙananan hukumomi na Ingila, Wales da Ireland ta Arewa, wanda ake daidaitawa tsakanin hukumomin da ƙungiyoyin ƙwadago uku: UNISON, GMB da Unite. A 2019 aka sake fasalinsa ya zama mai matakai 43. Aron yana da amfani, domin kowa na iya duba ma'aunin, kuma ba a zargin shugaba da son kai. Matsalarsa ita ce ƙungiyar ba ta cikin masu ciniki. Ƙarin yana fara aiki ne daga 1 ga Afrilu, amma sau da yawa sai bayan watanni ake cim ma matsaya, sannan a biya na baya gaba ɗaya. Ƙungiyar da tallafinta na shekara uku ne a ƙayyade dole ta nemo cikon daga wani wuri, ko kuma ta janye daga ma'aunin.

Nan ne tushen wahalar yake. Masu ba da tallafi sun fi son kuɗinsu ya tafi kai tsaye ga mabuƙata, suna kallon albashi da hidimar ofis kamar asara. Wannan kuskure ne mai tsada, domin mai rabon magani da mai rubuta lissafi su ne aikin. Idan aka matse albashinsu, gogaggun sukan tafi, a koma ana horar da sababbi kowace shekara.

Albashin shugabanni shi ya fi jan hankalin jama'a. Ƙa'idar lissafin ƙungiyoyin agaji ta Birtaniya ta wajabta bayyana adadin ma'aikatan da ke karɓar sama da fam 60,000 a shekara, a rukuni-rukuni na fam 10,000. A Amurka ana bayyana albashin manyan jami'ai a fom mai lamba 990 da ake miƙa wa hukumar haraji, kuma kowa na da damar dubawa.

Alawus ɗin ɗawainiya

Hanyoyi biyu ake bi. Ko dai mutum ya kawo rasit a biya shi daidai abin da ya kashe, ko a yanke masa kuɗin guzuri na kowace rana ba tare da neman rasit ba. Ta farko ta fi tsafta, amma tana cutar da wanda ba shi da kuɗin da zai fara kashewa daga aljihunsa, shi ya sa ƙungiyoyi masu lura suke ba da kuɗin tafiya tun kafin a tashi. Ta biyu ta fi sauƙi, kuma ita ta fi dacewa a inda ba a saba ba da rasit ba. Ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa da dama kan duba jadawalin guzuri da hukumar ICSC ta Majalisar Ɗinkin Duniya ke fitarwa ga birane daban-daban kafin su yanke nasu.

Wanda ya yi tafiya da motarsa kuwa, da mil ake lissafa masa. A 2011 hukumar harajin Birtaniya ta sa peni 45 a kowace mil ga mil 10,000 na farko a shekara, peni 25 ga abin da ya haura, kuma adadin ya zauna a haka fiye da shekara goma duk da tashin farashin mai. A Amurka abin da mai aikin sa-kai zai iya cirewa daga kuɗin shigarsa da ake sa wa haraji senti 14 ne kacal a mil, kuma tun 1998 bai motsa ba, saboda doka ce ta ƙayyade shi, sai majalisa ce za ta iya canza shi.

Ga masu aikin sa-kai iyakar tana da muhimmanci ƙwarai. A ƙarƙashin dokar mafi ƙarancin albashi ta Birtaniya ta 1998, idan aka riƙa ba mai sa-kai abin da ya wuce ainihin ɗawainiyarsa, ana iya ɗaukarsa ma'aikaci, ƙungiya ta wayi gari da bashin albashi a kanta. Ƙin biyan komai ma ba mafita ba ne, don hakan na nufin sai mai hali ne kaɗai zai iya taimakawa.

A ayyukan raya ƙasa da agajin gaggawa, guzuri yakan rikiɗe ya zama wani albashi na biyu. Inda albashi bai kai ya kawo ba, kuɗin halartar taron bita na kwana kaɗan yana iya zarce abin da mutum ke samu a mako, sai taruka su yawaita, asibiti ko ofis ya zauna babu kowa, wasu lokuta ma manya su karɓe gurbin waɗanda horon ya shafa. Laifin ba na ma'aikacin ba ne shi kaɗai, tsarin ne ya sa tafiya ta fi zama a bakin aiki riba. Kusa da wannan akwai ƙorafin ma'auni biyu, inda ma'aikacin da aka kawo daga waje ke karɓar ninkin ba ninkin abin da ɗan ƙasa ke karɓa a aiki iri ɗaya, ban da kuɗin gida da na makarantar 'ya'ya. Wasu ƙungiyoyi sun fara haɗe ma'aunan biyu, su bar alawus ɗin ƙaura ga duk wanda aiki ya raba da gidansa, ko daga wace ƙasa ya fito.